Yadda Ake Ɗaukar Inna a Bidiyo Ba Tare da Fuskarta Ta Fito Ba

Barka da samun sabuwar kyamara, wadda ba kai ka saya ba. Yayanka ne ya aiko da ita daga can inda yake aiki. Shekara shida ke nan bai tako gida ba, tun ranar da suka yi sa-in-sa da Inna ya ɗauki jakarsa ya fice. In ya kira waya, gaisuwa kawai take amsawa ta miƙo maka. Shi ya sa ya haɗo kyamarar da roƙo guda: ka ɗauko masa fuskarta tar, ya gani da idonsa ko ta huce. Aikin minti biyar ne. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin za ka ɓata wuni guda cur kuma fuskar ba za ta fito ba. Ni na gwada da kaina, ya ci ɗari bisa ɗari.

Mataki na 1: Rabu da littafin bayani

A cikin kwalin akwai ɗan littafi mai harsuna tara. Kada ka buɗe. Mai karanta littafin bayani tallan rashin iyawarsa yake yi. Miƙa wa Gwaggo ta yi fifita da shi. Abu ɗaya kake bukata ka sani: akwai jan maɓalli, in ka danna ta fara ɗauka, in ka sake dannawa ta tsaya. Shi ke nan, ka zama gwani. Rataya igiyar a wuya ka zaga ƙofar gida sau biyu don maƙwabta su shaida.

Mataki na 2: Tsorata mutanen gida

Tsaya tsakiyar falo ka ce, “Wannan fa ba irin ta waya ba ce, har ramin gashi tana nunawa.” Sai ka koma gefe ka sha kallo. Gwaggo za ta shafa hoda har sai ka yi mata sallama sau biyu kafin ka gane ta. Za a janye kujerar da ta yage, a rataya kalandar bara a kan tsagewar bango. Kawu, wanda aron tsani kawai ya kawo shi, zai koma gida ya yi aski ya dawo da tabarau. Ba wanda ya gayyace shi, amma kada ka ɓata bakinka, ba zai tafi ba.

Mataki na 3: Yi gwaji, ka manta ka tsayar

Nan ne sirrin sana'ar yake, ka buɗe kunne. Nemi tsaka a bango, danna jan maɓalli, jawo ta kusa har ka ƙirga yatsunta. Yi kabbara don mamaki. Gwaggo za ta kira ka ka riƙe mata madubi. Tafi, kada ka sake danna komai.

Daga wannan lokaci lissafinka ya juye. Duk sanda ka danna don farawa, tsayarwa kake yi. Duk sanda ka danna don tsayarwa, farawa kake yi. Akwai ɗan jan ɗigo a kusurwar allon da zai yi ta ƙyafta maka ido yana son ya faɗa maka gaskiya. Share shi. Ɗan koyo ne ke kallon ɗigo.

Mataki na 4: Zaunar da Inna

Zaunar da ita kusa da taga, ka danna maɓalli da ƙarfi, ka ɗaga yatsa kamar yadda ka ga ana yi. Za ta ɗaure fuska tamau, ta ɗora hannuwa a gwiwa.

“Inna, ki yi magana.”

“Me zan ce wa ƙarfe?”

“Yaya ne zai gani. Ki ce masa wani abu.”

“Muna lafiya. Ruwan famfo ya dawo. Ka gai da abokan aiki.”

“Inna, ɗan murmushi fa?”

“Haƙora ya ce yana son gani?”

Maimaita sau biyar. A na huɗu Kawu zai kutso kansa ya yi jawabin minti ashirin a kan tarbiyyar 'ya'yan zamani. Bar shi ya yi har ya gaji, ko kalma ɗaya ba ta shiga ba.

Mataki na 5: Ce “na kashe”

Danna maɓalli, ka sanar da babbar murya cewa ka kashe. Ajiye kyamarar a ƙasa gefen kujera, gilashinta na kallon ƙafar Inna. Ɗauki tsani ka raka Kawu, ka tsaya a bakin titi yana ƙarasa maka jawabin. Bar Inna da Gwaggo su kaɗai a falo.

Mataki na 6: Aika ba tare da ka duba ba

Duba aiki alamar shakka ce. Zare katin kyamarar, tura wa yayanka duk abin da ke ciki, ka rubuta, “Yaya, ga aiki, ba sai ka yi godiya ba.” Ba zai yi ba kuwa. Kwana biyu ko waya ba zai ɗaga ba.

Mataki na 7: Tara kowa a gaban talabijin

Tunda shi bai yaba ba, nemi yabo a gida. Mayar da katin, jona kyamarar da talabijin, ƙure murya, ka harɗe hannu.

Tsaka za ta fito, kyakkyawa, minti huɗu. Sai siminti. Sai cikinka. Sai hancin Gwaggo daga ƙasa. Kawu zai tambayi ina jawabinsa, ka ce yana tafe. Daga nan sai ƙafafun Inna su cika allon, tar, har kaushin dunduniya, babban yatsa na murza ɗan'uwansa cikin silifas. Sai muryar Gwaggo:

“Haba Innar yara, fuskarki kawai yaron nan ya roƙa, kika zauna kamar hoton katin shaida.”

Sai muryar Inna, ƙasa-ƙasa, irin wadda ba ka taɓa ji ba:

“In na saki fuskar hawaye ne za su zubo, ya ɗauka ciwo nake yi. Ni fa na kore shi da bakina. Wallahi bai kai tasha ba na huce. Har yau in aka taɓa ƙofa sai gabana ya faɗi, in ce shi ne. To amma ni na haife shi, ni kuma zan fara ba shi haƙuri?”

Shekara shida kana gidan nan ba ka san haka take kwana ba. Inna za ta juyo a hankali.

“Wannan abin ya tafi wurinsa?”

“Shekaranjiya, Inna.”

Za ta sunkuya ta zare silifas ɗin da ka gama gani a talabijin. Kada ka tsaya bayani. Ƙofar baya ta fi kusa.

Sanarwa

Marubucin wannan darasi ba shi da hannu a kumburin ƙeya, ko kwana uku da za ka yi kana gaisuwa ana amsa wa bango. Kawu ma in ya daina yi maka magana, riba ce, amma ba ni na ba ka ba. Haka nan babu ruwana in ranar kwana na tara aka taɓa ƙofa da hantsi, ka buɗe ka ga mutum ya rame, da jaka a kafaɗa, ya wuce ka ko kallo babu, ya zube ya riƙe ƙafafun nan biyu. Babu ruwana in Inna ta kafe cewa ba ita ba ce, muryar Gwaggo ce, alhali hannunta na kan kansa ta kasa ɗaukewa. Ni kyamara kawai na koya maka. Kukan da za ka yi a bakin ƙofa naka ne, kada ka ce a nan ka karanta.