Ranar da na wanke ƙafa a kwanon baftisma

Abin da ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, shi ne bikin sunan 'yar Samuel. Bayarabe ne, tare muke awon gyaɗa a Azare zamanin Turawa. Ya dage sai na je cocinsu, har ya gaya wa dattawansu cewa abokin nan nasa mutum ne mai natsuwa, ba zai ba shi kunya ba. (Da ya tambayi matata tukuna.)

Daga Disina na taso a keke, rana ta gasa ni, na iso buɗu-buɗu. Cocin tsohon gini ne na ƙasa da rufin kwano, baƙin farko da suka zo ciniki suka gina shi. Na tuɓe takalma a bakin ƙofa, na ga kowa da nasa a ƙafa. Tun nan ya kamata in yi hankali.

Ina shiga sai ga wani ƙaton kwanon dutse cike da ruwa. To jama'a, ruwa a ƙofar wurin ibada na mene ne? Na naɗe hannun riga, na wanke fuska, na kurkure baki. Wallahi har ina yaba musu tsabta. Na ɗebo a tafi ina cuɗa ƙafa ke nan waƙa ta tsaya cak.

Na ɗago. Ga fasto, ga Samuel rungume da jaririya, ga jama'a duk sun juyo. Ashe ruwan da za a yi wa yarinyar baftisma ne, ga shi ya koma kamar kunun kanwa.

Wata tsohuwa ta dafa dutsen, ta ce, "Malam, mijina ne ya sassaƙa wannan. Duk wanda ka gani a nan, a ciki aka yi masa baftisma. Mai gemu dai, kai ne na farko."

Samuel ya sunkuyar da kai. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Haushi ya sa na ce, "To don Allah ku riƙa rufe abinku mana!" 

Ni na je rijiya na jawo wani ruwan, da babbar rigata.

Yarinyar nan har ta yi aure Yaya take ce mini, wai na riga ta shiga dutsen. Ni kuwa yanzu ko randar gidana ce, sai na tambaya kafin in sa hannu.