Yadda Ake Ƙirga Lambobin Caca da Waken Iri

Ɗan'uwa, bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka san yawan jerin lambobin da ke cikin cacar Romanus ta bakin tasha. Wanda ya san yawansu kuwa ya kusa zama attajiri. Bamalli tela ya gwada, ga shi nan da ransa.

1. Guji malamin makaranta

Lamba biyar ake zaɓa cikin casa'in. Malam zai ce ka ninka casa'in da tamanin da tara, ka yi ta gangarowa har tamanin da shida, ka raba da ɗari da ashirin, wai kusan miliyan arba'in da huɗu. Wa ya gani da idonsa? Bamalli ya ce shi sai ya ƙirga da hannu.

2. Nemi abin ƙirge

Kowane jeri, ƙwayar wake ɗaya. Tsakuwa wuyar tsinta gare ta. A ɗakin uwargida akwai tulun da aka liƙe bakinsa da laka, waken iri ne na shukar bana. Bamalli ya jira matarsa Saudatu ta tafi suna Madalla, ya fasa.

3. Share tsakar gida

Jera su layi-layi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar: ƙwaya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, shida: ƙwaya. Rufe shago, masu ɗinki su jira.

4. Kaji

Kaza ba ta ganin girman lissafi. In ta cinye layi, koma farko.

5. In uwargida ta dawo, ka dake

"Malam, ina irina?"

"Yana aiki."

"To, me za mu shuka?"

"Haba Saudatu, ana zancen mota kina zancen shuka?"

Tulu ya ƙare ƙaf, Bamalli bai ma fita daga jerin da suka fara da ɗaya da biyu ba. Saudatu ta yi kuka, kukan gaske, don ta san babu mai ba ta iri ana gab da shuka.

6. Kada ka dubi sama

Bamalli ma bai duba ba. Ruwa ya kece, lissafi ya nutse a laka. Kafin Juma'a ta zagayo tsakar gida ta yi kore shar, layi-layi, shukar da ba a taɓa ganin mai tsari irinta ba a unguwar. Saudatu ta share hawaye, ta kafa doka: kada wanda ya taka mata gona. Yanzu ta jikin katanga Bamalli yake raɓawa ya shiga ɗakinsa.

Sanarwa: ba ruwana da tulun da ya fashe, ko kazar da ta ƙoshi, ko kayan ɗinkin da aka kwashe aka kai wa wani. Mai ƙorafi ya nemi Bamalli. Yana tsakar gida da sanda, an ba shi aikin korar kaji.