Ranar da Guza Ya Daina Dangwala Hannu

A Dajin Tsamiya Bakwai ba a haƙa rijiya sai da lasisi, lasisi kuma ba ya fita sai Guza, shugaban Hukumar Rijiyoyi, ya dangwala hannu a kai. Haka aka saba, har ranar da rijiyar Gyado ta rufta da 'ya'yan Barewa biyu. Da aka bincika, sai aka tarar Guza bai taɓa leƙa ramin da Gyado ya haƙa ba.

Giwa, sarauniyar dajin, ta kira taro. Rani ya yi nisa, tafki ɗaya ya rage, shi ma ya fara komawa taɓo.

Barewa ta miƙe. "Ranki ya daɗe, Gyado ya gudu, kuma ba shi na zo nema ba. Mai hannun da ke kan takardarsa nake nema. Da ban ga hannun nan ba, da ban aiki yarana can ba."

"Ranki ya daɗe," in ji Guza, "mu takarda muke dubawa, ƙasa ba ta cikin aikinmu. In za a kama mai sa hannu duk lokacin da ƙasa ta zame, wa zai yarda ya hau kujerar nan?"

"Wanda zai leƙa rami," wani ya amsa daga baya.

Giwa ta yanke hukunci: daga yau, duk rijiyar da ta rufta, wanda ya sa hannu a lasisinta zai bar dajin. Wuri ya kaure da sowa.

Dabgi, wanda babu mai haƙa irin tasa a dajin, ya bari hayaniya ta lafa. "Ranki ya daɗe, takardata rani biyu ke nan tana hukumar. Ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. In an ba da lasisi an yi ɓarna, yanzu akwai hukunci. In an yi shiru fa?"

Giwa ta dubi Guza.

"Ana dubawa," in ji Guza. "Ai kin ga abin da gaggawa ta jawo."

"To, ka ji," Giwa ta ce wa Dabgi, ta sallami taro.

Tun daga ranar Guza bai sake dangwala hannu ba. Kullum da safe Dabgi kan je ofis, a shimfiɗa masa tabarma, a tambaye shi iyali, a ce ya dawo gobe. Tafkin ya ƙafe saura wata biyu ruwa ya sauka.

Da damina ta faɗi, hukumar ta shaida wa taro cewa tun kafa dokar ko rijiya ɗaya ba ta rufta ba. Giwa ta yaba ƙwarai. Mahalarta ba su kai rabin na wancan taron ba, don haka tafin bai yi ƙarfi ba.