Gyauron Raken Kawu

Da na dawo Mirriya daga karatun gona, na tarar Kawu zai tumbuke tushen rakensa bayan sara na huɗu, maimakon ya bar gyauro ya sake tohowa. Na hana shi, na ce na auna saiwar a ɗakin gwaji, furotin ɗinta, wato sinadarin gina jiki, ƙaruwa yake duk sara.

"Ɗana, tushen nan ya gaji."

"Kawu, ilimi ke magana."

Ashe furotin ɗin wahala ne, wanda saiwa ke tarawa in ta galabaita. Raken ya fito siriri, ko tayawa ba a yi ba. Kawu ya sayar da awakinsa ya sayi iri.

Har yau masu rake na ɗaga min kara a kasuwa: "Malam Furotin, auna mana wannan!"