Atamfa Mai Kwaɗi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka zaɓi mai gari a ƙauyenmu, can wajen Bouza. Lokacin ina kolej a Madawa, na zo hutu, ina jin duk garin ba mai kai sai ni.

A shekarar nan mushe, wato malaminmu, ya koya mana wata kasuwa a Faransa da ake sayar da hannun jari. Ya ce idan zaɓe ya zo da ba-zata, farashi sai ya yi tsalle kafin a ƙifta ido. Ni na fi kowa maki a darasin. (Ku riƙe wannan, zai yi amfani.)

Inna tana sayar da atamfa. Ran zaɓe ta tafi suna Tabotaki, ta bar mini rumfa karon farko, ta ce in na yi abin kirki da ni za a je Ƙonni saro kaya. Ban taɓa zuwa Ƙonni ba, kuma na riga na faɗa wa ƙawayena za ni.

'Yan takara biyu ne. Alhaji Ɗanladi mai mota, wanda matan gari suka yi ankon kore dominsa, da Baba Idi, wanda matan gidansa kaɗai suka ɗinka wata atamfa ruwan ɗorawa mai zanen kwaɗi, don ita ce mai arha. Tulinta na nan a rumfarmu, ko akuya ba ta kallonta.

Na yi lissafi irin na 'yan boko: Baba Idi zai faɗi, kwaɗi su mutu. Sai ga Gwaggo Tabawa maƙwabciyarmu tana neman abin rufe katifa. Na tattara mata duka a kuɗin da bai kai na saro ba.

Ta ce, "Ɗiyata, mi za ni yi da wanga tuli? Katifata guda ta."

Na ce, "Gwaggo, ɗauki. Ba ki san kasuwa ba." Har kai na ɗora mata.

Da azahar magidanta suka yi layi, kowa bayan gwaninsa. Sai ga babbar mota ta sauke 'yan bida, wato 'yan cirani, da suka dawo daga kurmi. Ashe Baba Idi ne ke ranta wa iyalansu hatsi in ba su nan. Kaf ɗinsu suka tsaya bayansa. Da aka ƙirga layi, Baba Idi ya lashe.

Kafin la'asar duk matan da suka yi guɗa da kore suka tuna cewa tun asali su na Baba Idi ne, kuma ba mai zuwa gaisuwa sai da kwaɗi a jiki. Suka cika rumfarmu, kowa na ƙara kuɗi a kan na 'yar'uwarta. Ni kuwa ina tsaye da kore har ɗankwali.

A haka Inna ta iso, fuska fal murna. "Ina kwaɗina? Hiddo su!"

Na nuna gidan Gwaggo Tabawa. Layin ƙofarta ya fi na Alhaji tsawo.

Inna ba ta yi faɗa ba. Aikena ta yi in sayo mata zane guda, don ita ma za ta gaisuwa. Na bi layi. Da na iso, Gwaggo ta faɗi kuɗin da sai da na dafa bango, ta ce a gaban kowa, "Kasuwa ta, ɗiyata. Ke da kin santa."

Ƙanwata aka kai Ƙonni.

Tun daga ranar, ko tsumma ne a hannuna, ba na sayarwa sai an gama ƙirga layi.