Ta'aziyyar Bos

A mayankar Agege kowa ya san matsayina: kallon fim aikin marasa abin yi ne. Abin da abokan sana'ata ba su sani ba shi ne, kullum da yamma ni da matata Hadiza muna gaban talabijin, muna bin wani shirin 'yan fashin teku.

Washegarin ranar da aka kashe bos ɗin shirin, ina cikin motar haya ta danfo raina a ɓace, na yi wa Hadiza saƙon murya na minti huɗu. Na kawo hujjoji cewa bawan Allahn nan ba mugu ba ne, son jarumar yake yi a ɓoye. "Ba ki ga kallon da ya yi mata ba da yana kwance mata igiya?" Har muryata ta yi rawa.

Ashe zauren ƙungiyar mahauta na tura shi.

Ina isa mayanka, Sarkin Fawa ya ja ni gefe, fuska ba wasa. "Alhaji, ashe rashi aka yi. Yaushe ne sadakar uku?"

Har yau, duk mahaucin da zai kwance igiyar saniya sai ya ɗago ya yi mini irin wancan kallon.