Sarkin Sulhu Ya Rasa Masu Faɗa

Duk ikilisiyar da Allah ya ba mutum irin Sarkin Sulhu, to, sai godiya. Dattijo ne cikakke, mai tumbi daidai misali, mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Tun da aka ɗora shi a kan kula da ma'aikatan coci bai taɓa ɓarnatar da murmushi a banza ba. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa, don kada jama'a su wahala wajen nema. Da ya dawo daga taron bita kan zaman lafiya a wurin aiki, har tafiyarsa ta canza: yana taka ƙasa a hankali, kamar yana gudun ɓata mata rai.

Abu ɗaya ne ya hana bawan Allah barci. Ma'aikatan ba sa faɗa.

Kullum bayan addu'ar safe sai su taru a ɗan ɗakin da ke bayan ofis, Fasto da Sakatariya da Maman Kwaya mai koyar da mawaƙa da Mai Ganga, su sha shayi suna tsokanar juna har wani ya ƙware. Maman Kwaya ce ma ta samo wa Mai Ganga matar da yake aure, shi kuma yake kai Mama gida a babur bayan an tashi gwajin waƙa. Sarkin Sulhu ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon wannan lalacewa, zuciyarsa ta karaya. Ga ilimi jibge a kai, babu wanda za a sauke wa.

"Wannan dariya ba ta lafiya ba ce," ya ce musu. "Mu masana mun sani, inda dariya ta yi yawa akwai abin da ake binnewa. Amma kada ku damu, 'ya'yana. Allah ya kawo muku ni."

Ya fara da Mai Ganga. Ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa, ya ce ya amayar da duk abin da ke ransa game da Maman Kwaya. Mai Ganga ya rantse babu komai. Sarkin Sulhu ya ce ai musun ma alama ce. Aka yi ta zama. Rana ta take, cikin Mai Ganga ya soma kiran ciroma, ga ƙofa a rufe, ga tumbi ya tare hanya. Don ya samu ya fita sai ya ce, "To, Baba, wani lokaci takan ɗauko waƙa da ɗan sama."

Idon Sarkin Sulhu ya kawo ruwa don murna. Ya ɗauki maganar kamar jariri, kafin ya ƙetare farfajiyar coci ta yi haƙora. Ya samu Maman Kwaya tana jera kujeru, ya sassauta murya.

"'Yata, ki daure, kada ki yi fushi. Ɗan'uwanki ya ce in kika ɗaga murya, tsuntsayen da ke cikin rufi sukan kwashe 'ya'yansu su yi ƙaura."

"Shi ya faɗi haka? Shi da yake dukan ganga kamar an aike shi gyaran kwanon rufi?"

Wannan ma ya ɗauka ya mayar, ya ƙara mata gishiri a hanya, saboda shi mutum ne da ba ya son a kai saƙo salam.

Ranar Lahadi aka ga amfanin ilimi. Maman Kwaya ta ɗauko waƙar yabo a sama can inda ko ita da ƙyar take leƙowa, Mai Ganga ya bi ta da kiɗan wata waƙa dabam. Mawaƙa suka rabu biyu, wasu suka bi murya, wasu suka bi ganga, wani tsoho a layin gaba ya haƙura ya kama tasa shi kaɗai. Washegari ɗakin shayi ya yi tsit. Sakatariya ta goyi bayan Mama, Fasto ya rasa inda zai sa kansa. Mama ta koma tafiya gida a ƙasa, ta kuma ce wata na ƙarewa za ta ajiye aikin, tunda muryarta ta zama abin korar tsuntsaye.

Sarkin Sulhu kuwa har ƙiba ya ƙara. Ya sanar cewa Lahadi mai zuwa za a yi Gagarumin Bikin Sulhu a gaban ikilisiya. Ya kai kwat ɗinsa guga, ya yi magana da mai hoto. Ya tsaya gaban madubi yana gwada yadda zai kamo hannun wannan ya ɗora a kan na wancan, shi yana tsakiya, fuskarsa tana kallon sama.

Ana gobe biki aka kece da ruwan sama, rufin ɗakin kayan kiɗa ya soma yoyo. Maman Kwaya ce kaɗai a kusa. Ta tuna tana fushi, ta kuma tuna fatar ganga ba ta son ruwa. Mai Ganga ya iso a guje ya same ta rungume da babbar gangarsa, ɗankwalinta ya jiƙe sharkaf, tana jan ta tana masifa. Ya kama ɗaya gefen. Santsi ya kwashe su, suka zube tare, gangar ta ce dum! Suka dubi juna, dariya ta ƙwace musu.

"Wai ni ce mai korar tsuntsaye?"

"Waɗanne tsuntsaye kuma, Mama?"

Kafin ruwa ya ɗauke sun gama warware zare da abawa.

Sarkin Sulhu ya shigo da lema da kwat a leda, ya tarar da su huɗun a ɗakin shayi, Mai Ganga yana zuba wa Mama sukari. Ledar ta kusa suɓuce masa.

"Mene ne haka?"

"Mun shirya, Baba," in ji Mama, ta ba shi labarin yadda aka yi.

"Kun shirya? Da izinin wa? Sulhu wasan yara ne da za a yi shi a ƙasa cikin ruwa, ba mai shiga tsakani, ba jawabi? Wannan shiri naku haramtacce ne! Ku koma ku ci gaba da gaba har gobe, in ya so a shirya ku yadda ya dace."

Fasto ya ce a ganinsa abin godiya ne ga Ubangiji. Sarkin Sulhu ya dube shi sama da ƙasa, ya ce bai taɓa zaton har da shi za a haɗa baki a ci amanarsa ba. Ya juya, ya shige ofis, ya banko ƙofa.

Tun daga ranar bai ƙara yi wa ɗayansu magana ba. In Sakatariya ta gaishe shi sai ya duba agogo. In ya hango Mama a wannan ƙofa sai ya bi ta waccan. A lokacin sujadar Lahadi, da aka ce kowa ya ba na kusa da shi hannu, sai tari ya sarƙe shi har aka gama.

Da abin ya yi tsawo, su huɗun suka ɗauki shayi da burodi suka je ƙofar ofishinsa. Fasto ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Baba, mun zo ne a yafi juna."

Aka ji motsin kujera. Taga ta buɗe kaɗan, hanci ya leƙo.

"Ku tafi, ban huce ba. Ku waɗanne irin mutane ne? Ana yi wa mutum sulhu dole ne?"